Auren Masallaci Kaɗai a Ingila: Inda Doka Ta Tsaya da Takardun da Za Su Kāre Ku

A Ingila da Wales, namiji da mace za su iya shekara talatin a gida ɗaya, su haifi 'ya'ya har su aurar da su, amma ranar da rabuwa ko mutuwa ta gitta, kotu ta dube su a matsayin mutum biyu da ba abin da ya haɗa su sai adireshi. Daɗewa tare ba ta mayar da zama ya zama aure a can. Turawan ƙasar ma da yawansu ba su san haka ba. Wani binciken jin ra'ayin jama'a da aka fitar a 2019 ya nuna kashi 46 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ɗauka masu zama tare ba rajista suna da haƙƙi irin na ma'aurata. Kuma ba tsiraru ba ne masu irin wannan zama: daga gida miliyan 1.5 a 1996, sun kai kusan miliyan 3.6 a 2021 a faɗin Birtaniya.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe, mu da ba mu san zaman dadiro ba? Ruwansa shi ne, wanda aka ɗaura wa aure a falo ko a zauren biki ko a wani masallaci a Landan ko Manchesta, da waliyyi da shaidu da sadaki, an raba dabino da alawa an shafa fatiha, idan bai bi ƙa'idar Dokar Aure ta 1949 ba, layi ɗaya kotu take saka shi da waɗancan. A addini aurensa ya ɗauru, ba mai ja. A gaban alƙalin Ingila kuwa babu aure, saboda haka babu saki, babu rabon dukiya, babu gado.

Wannan magana an kai ƙarshenta a watan Fabrairun 2020. Wasu Musulmi ne aka ɗaura musu aure a wani gidan abinci a unguwar Southall ta Landan a 1998, da niyyar za su je rajista daga baya. Matar ta yi ta tuni, mijin bai yarda ba, har suka haifi 'ya'ya huɗu, suka rabu a 2016. Babbar Kotu ta so ta nema mata mafita a 2018, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, ta ce bikin da aka yi bai shiga sahun abin da doka take kira aure ba, ko da ɓatacce. Shekara goma sha takwas, ba ta da hurumin neman rabon dukiya irin na wadda aka saka.

Fara da sanin matsayinku

Tambaya ɗaya ce take raba gardama: a wace ƙasa aka ɗaura auren?

Idan a gida aka ɗaura, a Kano ko Zariya ko Damagaram, kuma ya inganta bisa dokar wurin, to Ingila tana karɓarsa a matsayin aure cikakke. Har irin namu da ango yana Landan, wakilinsa ya karɓa masa a ƙofar gidan surukai, kotunan Ingila sun daɗe suna amincewa da auren wakilci muddin ƙasar da aka ɗaura shi ta halatta. Masu irin wannan aure ba sa buƙatar sake rajista, ba ma za a yi musu ba, don ba a aurar da wanda yake da aure. Abin da suke buƙata shi ne hujja. A nemo takardar shaidar aure daga hukumar da take bayarwa a inda aka ɗaura, sunaye su dace da na fasfo harafi da harafi, a sa ƙwararren mai fassara ya mayar da ita Turanci ya sa hannu idan da Hausa ko Larabci ko Faransanci take. A yi wannan tun waliyyi da shaidu suna raye, ana zaman lafiya. Idan wata rana aka musanta auren, akwai damar roƙon kotun iyali ta tabbatar da shi a ƙarƙashin dokar 1986, amma hanya ce mai tsawo da cin kuɗi.

Idan kuwa a cikin Ingila aka ɗaura, ku tambayi kanku: kafin ranar, mun je ofishin rajista na ƙaramar hukuma mu biyu mun ba da sanarwa? Idan amsar a'a ce, kusan tabbas ba ku da aure a doka, komai kyawun takardar da liman ya ba ku da hatiminta. Akwai masallatan da aka yi wa rajistar ɗaura aure, suna da wanda hukuma ta ba izini. Amma ko a irinsu sai an ba da waccan sanarwa, an furta kalmomin da doka ta tsara, an sa hannu a takardar hukuma. Liman zai iya ɗaura aure na addini zalla a cikin masallaci mai rajista, mutane su watse suna zaton an gama komai. A 2017 tashar talabijin ta Channel 4 ta tambayi Musulmi mata sama da 900, ta tarar shida cikin goma na waɗanda aka ɗaura wa aure ba su yi na rajista ba.

Yadda ake rajistar

Aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Kowannenku zai nemi ranar ganawa a ofishin rajista na yankin da ya kwana aƙalla bakwai a ciki. Za a je da fasfo, da shaidar adireshi irin takardar banki ko ta harajin gida, da takardar saki ko ta rasuwa ga wanda ya taɓa aure. Sai kun riga kun zaɓi wurin da za a yi, don ana rubuta shi a sanarwar. Jami'in rajista yakan gana da ku ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi sunan abokin zama, ranar haihuwarsa, sana'arsa, don ya tabbatar ba auren takarda ba ne kuma ba dole aka yi wa kowa ba. Daga nan a kafe sanarwar kwana 28. Idan ɗayanku baƙo ne mai zama da biza, ana iya miƙa batun ga ma'aikatar cikin gida, jiran ya kai kwana 70. Sanarwar tana aiki tsawon wata goma sha biyu.

Ranar kanta, ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur da kujeru, jami'ai biyu, ku biyu, da shaidu biyu da kuka zo da su. Kowa ya furta cewa bai san wani dalili da zai hana shi auren wannan ba, sannan ya ce ya karɓe ta ko ta karɓe shi, a sa hannu. Ba addu'a, ba zobe dole, ba abin da ya taɓa aƙida. Minti goma zuwa sha biyar an fito. A farashin 2024, sanarwar mutum biyu da ɗaurin da takardar shaida gaba ɗaya ba su kai fam 200 ba, abin da bai kai kuɗin ankon ƙawayen amarya ba. Kuma tun 27 ga Fabrairun 2023 sai mai shekara 18 ake aurarwa a Ingila da Wales. Ɗaura wa wanda bai kai ba laifi ne ko da na masallaci ne kawai.

To me ya sa ake ƙi? Abin da maza suke faɗa a majalisa bai wuce biyu ba. Na farko: “Auren kotu? Ranar da muka saɓa ta kwashe rabin abin da na tara.” Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don kotu takan faro ne daga raba abin da aka tara cikin aure daidai, sannan ta duba buƙatun yara da na kowa. Amma mai wannan tsoro yana da magani: yarjejeniyar kafin aure, wadda tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 alƙalai suke ba ta nauyi sosai idan kowa ya shiga da yardarsa, ya san abin da ɗayan ya mallaka, kuma ba ta bar wani cikin ƙunci ba. Na biyu shi ne maganar ƙarin aure, don mai rajista da ya sake yin wata rajistar da wata mace ya aikata laifin da hukuncinsa ya kai shekara bakwai. Ni dai ra'ayina, namijin da ya zaɓi kada ya yi rajista saboda ɗaya daga cikin waɗannan, ya faɗa wa yarinyar da waliyyinta ƙarara kafin a sa rana. “Za mu je in an kwana biyu” ita ce kalmar da ta fi kowace cutar da mata a wannan babi. Iyaye kuma su sani suna da ikon cewa ba za a ɗaura ba sai an nuna takardar sanarwa. Wasu masallatan ma sun mayar da hakan sharaɗi.

Idan rajista ba ta yiwu ba, ko don an ƙi, ko don mijin yana da wata matar da doka ta sani, sai a koma gina kariya ɗaya bayan ɗaya. Ba za ta kai ta aure ba, amma ta fi babu nesa ba kusa ba.

Gida

Nan ne kuka ya fi yawa. Matar da doka ta sani tana da haƙƙin zama a gidan aure ko da sunan miji kaɗai ne a takarda, kuma wajen saki alƙali yana iya mallaka mata shi. Wadda ba ta da rajista ba ta da ko ɗaya. Alƙali ba zai tambayi abin da ya dace ba, zai tambayi na wane ne. A 1983 wata Baturiya da ta zauna da mutum shekara 19, ta haifa masa 'ya'ya biyu, ta ɗauki sunansa, ta yi ta hidimar gida da sayen kayan amfani, ta fita ba ta da ko bulo ɗaya a gidan, saboda ba ta sa kuɗi a sayensa ba. Har yau ana kafa hujja da wannan hukunci.

Saboda haka idan za ku sayi gida, sunan kowa ya shiga rajistar filaye. Lokacin saye lauya zai kawo fom mai suna TR1. A sashe na 10 akwai akwatuna da mutane suke wucewa da sauri don sun ƙagu su karɓi mabuɗi, alhali nan ne zuciyar maganar. Akwatin farko mallaka ce dunƙulalliya: gidan naku ne gaba ɗaya, ba kason kowa, wanda ya riga rasuwa ɗayan ya cinye duka, wasiyya ba ta taɓa shi. Sauran akwatunan mallakar kaso ce: ko rabi da rabi, ko yadda kuka rubuta, misali kashi 70 da kashi 30 saboda ita ce ta sayar da filinta na gida ta kawo kafin alƙalami. A wannan tsari kason mamaci yana shiga gadonsa.

Musulmi ya tsaya ya yi tunani a nan. Dunƙulalliyar mallaka tana tabbatar wa wadda aka bari rufin asiri, ba mai fitar da ita, amma tana tsallake rabon gado na shari'a. Mallakar kaso ta fi dacewa da mai son a raba nasa bisa ƙa'idar addini, sai dai idan ba wasiyya, kason nasa zai wuce matar ko sisi ba ta samu ba. Wasu sukan haɗa biyu: mallakar kaso, da wasiyyar da ta ba ta damar zama a gidan iya rayuwarta ko har yara su girma. Wannan magana ce ta lauya da malami tare. Wanda ya riga ya zaɓi dunƙulalliya kuma yana iya warware ta ya koma ta kaso ta hanyar ba ɗayan sanarwa a rubuce da shaida wa ofishin rajistar filaye.

Idan gidan da sunansa kaɗai yake, ke kuma kina zuba albashinki a biyan bashin banki ko gyaran rufi, to gini kike yi a filin aro. Ki nemi a rubuta takardar amana mai shaidu wadda ta faɗi kasonki, lauya ya sa alama a rajistar gidan don kada a sayar ba ki sani ba. In ya ƙi, ki riƙa biya ta asusunki kai tsaye, ki rubuta dalilin biyan a wurin bayani, ki adana saƙonnin da ya ce “gidanmu ne mu biyu”. Da irin waɗannan ake zuwa kotu ƙarƙashin dokar amanar filaye ta 1996 a nuna cewa akwai fahimtar juna kuma kin dogara da ita kin yi asara. Shari'a ce mai wuya, kuma wanda ya faɗi yakan biya kuɗin lauyan ɗayan. Tsabar kuɗin adashi da aka miƙa hannu da hannu a ɗaki ba ta da shaida. Kuɗin cefane da na kayan yara kuwa, su kaɗai da wuya su saya miki kaso.

Masu haya nasu ya fi sauƙi. Sunan kowa ya hau takardar haya, da sanin cewa mai gida zai iya bin kowannenku cikakken kuɗin idan ɗayan ya gudu. Dokar iyali ta 1996 ta ba kotu ikon mayar da wasu nau'o'in haya, musamman gidajen ƙaramar hukuma da na ƙungiyoyin gidaje, daga sunan ɗaya zuwa ɗayan ko da ba aure. A gaggauta neman shawara kafin mai sunan ya miƙa wa mai gida takardar tashi.

Kaya, sadaki da bashi

Ƙa'idar gajeriya ce: wanda ya saya shi ne mai shi, kyauta kuma ta wanda aka ba. Kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki naki ne, lefe da gwal ɗin da aka ba ki naki ne, amma ki ɗauki hotunansu ki ajiye rasit. Asusun haɗin gwiwa na banki yakan koma hannun wanda ya rage idan ɗaya ya rasu. Bashin da mutum ya ci da sunansa nasa ne shi kaɗai, wanda kuka sa hannu tare kuwa banki zai bi duk wanda ya samu. Sadakin da aka jinkirta a rubuta shi da adadi da sa hannun shaidu, domin kotunan Ingila sun taɓa tilasta biyan sadaki a matsayin alkawarin da aka ƙulla.

Duk waɗannan ana iya tattara su a yarjejeniyar zama tare: wa ya kawo me, wa yake biyan me, yaya za a raba idan an rabu, wa zai fita daga gidan kuma cikin wata nawa. Don ta yi ƙarfi, kowa ya bayyana abin da ya mallaka, kowa ya ga lauyansa daban, a sa hannu gaban shaida. Abin da ba za ki samu ba sai an rubuta shi ne ciyarwa ta kanki bayan rabuwa. Doka ba ta ɗora masa ko fam ɗaya ba, kuma ba a raba fanshonsa da ke. Abin haushin shi ne, wajen tallafin gwamnati irin Universal Credit, hukuma tana lissafa ku a matsayin miji da mata ta haɗa kuɗin shigarku. Wajen rage muku ta san ku, wajen kāre ku ba ta san ku ba.

'Ya'ya

A nan doka ba ta bambanta ɗan rajista da wanda ba na rajista ba wajen ci da sha da gado. Bambancin yana wajen ikon uba. Uwa tana da ikon yanke shawara kan yaro kai tsaye. Uban da ba shi da aure a doka yana samun wannan iko ne idan sunansa ya hau takardar haihuwa, ga duk rajistar da aka yi daga 1 ga Disambar 2003. Ana rajistar haihuwa cikin kwana 42, kuma ya kamata ku je tare. Shagalin suna kada ya mantar da ku. Idan an riga an wuce, ana iya sake rajistar, ko a cike takardar yarjejeniya tsakanin iyaye, ko a nemi umarnin kotu. Uban da ba shi da wannan iko ba shi da ta cewa a hukumance kan makaranta ko aikin asibiti.

Kuɗin ciyar da yara akwai hukumar da take yanke shi bisa albashi kafin cire haraji: kashi 12 cikin ɗari ga yaro ɗaya, 16 ga biyu, 19 ga uku zuwa sama, a kan fam 800 na farko a mako. Mai samun fam 500 a mako da yara biyu zai biya kimanin fam 80, a rage masa idan suna kwana wurinsa dare 52 ko fiye a shekara. Ana biya har yaro ya kai 16, ko 20 idan yana karatun da bai kai jami'a ba. Idan uban ya tattara ya koma gida Najeriya, galibi hannun hukumar ba ya kai masa. Idan kuwa mai hali ne, Dokar Yara ta 1989 ta ba kotu ikon sa shi ya samar da gidan da za a reni yaran. A lura dai, aro ne: yara na gama karatu gidan ya koma hannunsa, uwar ta nemi wurin zama tana da shekara hamsin da wani abu.

Sai maganar kai yara gida. Mu mun saba uba ya ce zai tura su wurin kaka su sami tarbiyya da karatun allo. A Ingila, fitar da yaro ɗan ƙasa da 16 daga ƙasar ba da yardar duk mai iko a kansa ba laifi ne ƙarƙashin dokar 1984, uba ne ya yi ko uwa. Najeriya kuma ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 da ake dawo da yara da ita, saboda haka wanda ya ga alamar za a yi masa haka ya nemi umarnin hanawa daga kotu tun jirgi bai tashi ba, ya kuma san inda fasfon yaran yake.

Mutuwa

A ce mutum ya rasu ba wasiyya, ya bar dukiyar fam 400,000 da sunansa, da mace da yara biyu. Idan matar doka ce, za ta ɗauki kayansa na amfani, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya rage, wato 39,000, yara su raba 39,000. Idan ta masallaci ce kawai, duka na yara ne, a riƙe musu har su kai 18. Ita ko tumunin takabarta babu. Idan ba su haihu ba, iyayensa ne za su gāda, in babu su sai 'yan'uwansa. Abin da ya rage mata shi ne ta kai ƙara ƙarƙashin dokar 1975, idan sun zauna tare shekara biyu cur kafin rasuwar ko shi ne yake ɗauke da nauyinta, kuma cikin wata shida daga ranar da aka ba da izinin raba gadon. Abin da za a ba ta na rufin asiri ne kawai. Kuma ku dubi wanda za ta yi ƙara: 'ya'yanta ko surukanta, tana cikin takaba.

Wasiyya ce maganin wannan, kuma Ingila ta ba mutum 'yancin raba dukiyarsa yadda ya so, saboda haka Musulmi yana iya rubuta a raba tasa bisa ƙa'idar gado, matarsa ta sami tumuni ko rubu'i, ya ambace ta da cikakken sunanta maimakon ya ce “matata” kawai. Dole ta kasance a rubuce, ya sa hannu gaban shaidu biyu da suke wurin lokaci ɗaya, su ma su sa hannu a gabansa. Wanda zai ci gado, ko mijinta ko matarsa, kada ya zama shaida, in ba haka ba rabonsa ya faɗi. A cikinta ne kuma ake naɗa wanda zai riƙe yara, a faɗi inda ake so a binne mutum. Mai fili ko gida a Najeriya ko Nijar ya gaya wa lauyansa, don dukiyar da ba ta motsi dokar inda take ce take hukunta ta.

Wasiyya ba ta kawar da haraji. Abin da ya haura fam 325,000 ana cire masa kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya bar wa abokiyar zama marar rajista fam 500,000, hukuma za ta ɗauki 70,000. Da matar doka ce, kuma dukansu daɗaɗɗun mazauna ƙasar, da ba a cire ko fam ɗaya ba. Ga mai gida a Landan wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa ofishin rajista.

Fanshon wurin aiki da kuɗin da ake biya idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki galibi ba sa bin wasiyya. Akwai fom na musamman da ake rubuta sunan wanda ake so a ba. A tambayi ofishin ma'aikata, a cike, a sabunta. Tun 9 ga Fabrairun 2023 kuma, wanda abokin zamansa ya rasu ya bar shi da ƙananan yara, ko mace mai ciki, yana iya neman tallafin rashi na gwamnati ko da ba rajista: fam 3,500 a dunƙule da fam 350 duk wata har wata 18, idan mamacin ya biya harajin inshorar ƙasa yadda ake buƙata. Marasa yara ba sa ciki. Akwai kuma takardar wakilci mai ɗorewa, wadda take ba wani ikon kula da kuɗinka ko lafiyarka ranar da hankali ya gushe. Wannan har masu rajista suna buƙatarta.

Idan zama ya yi tsami

Kariya daga duka da barazana ba ta jiran takardar aure. Kotun iyali tana ba da umarnin hana cutarwa, saɓa shi kuma laifi ne da 'yan sanda suke kamawa a kai. Tana iya barin wadda ba ta da suna a gidan ta zauna, a fitar da mai gidan, amma na wata shida ne, a ƙara sau ɗaya kawai. Tun 2013 an janye lauyan gwamnati kyauta daga yawancin shari'o'in iyali, sai ga mai shaidar cin zarafi, saboda haka rahoton likita ko na 'yan sanda yana da amfani biyu. Citizens Advice suna ba da shawarar farko kyauta, Rights of Women da Muslim Women's Network UK kuma suna da layukan waya na mata. Majalisun malamai da suke raba aure ta hanyar hul'i suna warware igiyar addini ne kawai, ba su da ikon raba gida ko yanke riƙon yara.

Duk abin da aka faɗa na Ingila da Wales ne. Sikotland tana da nata tsarin: dokarta ta 2006 ta ba masu zama tare damar neman wani abu daga juna bayan rabuwa, amma cikin shekara ɗaya kacal, kuma a can limamin da hukuma ta amince da shi yana iya ɗaura aure mai inganci a ko'ina, muddin an karɓo takardar izini daga ofishin rajista. A Ingila, Hukumar Gyaran Dokoki ta ba da shawarar a sauya dokar masu zama tare tun 2007, ta sake ba da ta sauya dokar ɗaurin aure a 2022, jam'iyyar Labour ma ta sa batun cikin alkawuranta na zaɓen 2024. Alƙali dai da dokar da take aiki ranar shari'a yake hukunci, don haka duk mai shirin sa hannu a wata takarda ya sa lauya ya duba masa ita da alƙaluman shekarar.

Waɗanda suka rubuta wasiyya suna zaman masallaci kaɗai, daga baya Allah ya nufa suka je rajista, su koma wurin lauya a makon. Aure a doka yana soke duk wasiyyar da aka yi kafinsa, sai fa wadda aka rubuta a cikinta cewa an yi ta ne da niyyar auren wannan mutumin.